Na cire ƙafa daga totur amma allurar RPM (mai nuna juyin inji) ba ta saukowa da wuri, ina matsalar take?

Mai Accord 95:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masana inji ku taimaka min da shawara. Motata Honda Accord ce 1995 mai injin 2.2, giyar hannu. Kwanan nan ta ɗauko wata ɗabi'a da ta dame ni, in ina tafiya na taka kuloci zan canja giya, na riga na ɗage ƙafa daga totur amma injin sai ya ci gaba da kuka, allura ta tsaya wajen 2500 sai a hankali a hankali take saukowa. In na zo danja na sa firi ma haka, sai ta maƙale a 1500 na ɗan lokaci, kuma ko ta sauko ba ta komawa inda take zama da, wajen 1000 zuwa 1100 take tsayawa, alhali da 700 da ɗan wani abu take sulo. Wutar cek ba ta kama ba. Mai ma na ga ta ƙara sha. Wani ya ce in sayi IACV, bawul ɗin da ke ba inji iska a sulo, wani ya ce birenbos ne, wato kwamfutar motar, ni kuma gaskiya bana son in fara zuba kuɗi a kan zato.

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Kafin ma ka buɗe bonet leƙa ƙarƙashin ƙafarka tukuna, kafet ɗin nan na roba yakan zame ya hau kan feda ya hana ta dawowa gaba ɗaya. Cire shi ka zaga da motar ka gani.

Yaron Gareji:
IACV ne oga kar ka wahalar da kanka. duk Honda ta wannan zamanin ciwonta kenan, a canja shi magana ta ƙare

Mai Accord 95:
Baba na cire kafet ɗin babu wani canji. Yaron Gareji to in shi ne ai da wutar cek ta kama ko?

Oga Bakanike:
Malam kar ka sayi komai tukuna. Yaro na ji maganarka, IACV yana kawo irin wannan ba ƙarya ka yi ba, amma abubuwan da ke kawo shi da yawa suke kuma yawancinsu da hannu da ido ake gano su.

Abin da nake so ka riƙe shi ne injin fetur ba ya tashi sai da iska. In faifan totur ya rufe ruf kuma babu wata hanyar da iska ke bi, ko birenbos ya so ko bai so ba dole allura ta faɗo. Saboda haka in ka ga ka cire ƙafa inji yana nan sama to iska na shiga daga wani wuri. Ko dai faifan ne ba ya rufewa sosai, ko iskar na satar hanya ta tsagaggen tiyo ko gasket, ko kuma birenbos ɗin ne da kansa ya buɗe mata hanya saboda wata sensa tana gaya masa abin da ba haka yake ba. In ba ka raba waɗannan ba ka tafi sayen kaya, sai a bar jaki ana dukan taiki.

Amsa min tukuna, da safe motar na sanyi take yi ko sai ta yi zafi, ko duka biyun? In kana tsaye a firi ka taka totur ka saki tana yi, ko sai kana tafiya? Sannan wanda ya fi min muhimmanci, me aka taɓa a motar kafin ta fara wannan abin? ko wankin inji ne faɗa min.

Mai Accord 95:
Oga na gode. Da sanyi da zafi duk tana yi amma na fi jin ta in ta yi zafi, wataƙila don da safe dama sulo ɗinta a sama yake. A tsaye ma tana yi. Abin da aka taɓa kuwa, kwanakin baya in na kunna esi a tsaye sai ta riƙa rawa tana neman mutuwa, na kai wa wani ya buɗe bonet ya ɗan yi wani abu da sifana ko minti biyar bai yi ba ya ce ya ɗaga min sulo, kuma lallai ta daina mutuwa. Bayan nan ne na fara lura da wannan

Oga Bakanike:
Yawwa, mun fara ganin bakin zaren. Ban ce shi ne ba amma daga nan za mu fara. Kashe motar, ka sa wani ya zauna ya taka totur har ƙasa ya saki da sauri, kai kuma kana tsaye kan bakin injekta, inda faifan totur yake, kana kallon wannan ƙarfen mai zagaye da kebul yake naɗe a kai. Ya kamata ya dawo da ƙarfi ka ji ƙas ya bugi mazauninsa. In ya dawo a sanyaye ko ba ka ji ƙarar ba, akwai abin da ke riƙe shi. Sannan danna kebul ɗin da yatsa a tsakanin noti biyun nan da wannan ƙarfen, dole ya zama da ɗan saki, a littafin Honda milimita 10 zuwa 12 ne zai lanƙwashe kafin ya fara jan faifai. In ka ji shi a miƙe tsam to an ɗaure shi ne.

In kana son ka tabbatar, zare kan kebul ɗin daga ƙarfen gaba ɗaya, ta da mota, ka murɗa totur da hannu ka saki. In allura ta faɗo nan take, laifin yana kebul ko feda. In har yanzu tana jan ƙafa to mu shiga ciki.

Mai Sabuwar Civic:
Ni fa ina ganin kuna wahalar da bawan Allahn nan ne. Tawa giyar hannu ce ita ma kuma tun tana sabuwa haka take, in ka taka kuloci allura sai ta ɗan tsaya kafin ta sauko. Na bincika an ce kamfani ne ya yi ta haka saboda hayaƙi. Ba lalacewa ba ce.

Ɗan Riwaya:
Ranka ya daɗe taka daban tasa daban. Taka babu kebul, fedarka sensa ce kawai, birenbos ne ke juya faifai da ƙaramin inji na lantarki, kuma gaskiya ne ana sa shi ya jinkirta rufewa don in faifai ya rufe farat ɗaya haɗin mai da iska yana rikicewa na ɗan lokaci hayaƙi mai guba ya ƙaru. Wannan da gangan aka yi. Amma ta 1995 kebul ne daga ƙafa har bakin injekta, kuma mai ita ya ce da ba ta yi yanzu tana yi, sulo ma ya tashi daga 700 ya koma 1000 da wani abu. Wane kamfani ne zai zo ya canja masa wannan bayan shekara da shekaru

Mai Sabuwar Civic:
Toh na gane, ban lura da maganar sulo ɗin ba. Amma dai tsofaffin ma ai suna ɗan riƙewa ko?

Ɗan Riwaya:
Suna yi kaɗan, in mota na gangarawa birenbos yana ɗan buɗe IACV don kar ta mutu in ka taka birki, sai ka tsaya cak ya sauke. Amma wannan ɗari biyu ɗari uku ne a kan sulo, ba a rataye a 2500 ba.

Mai Accord bari in ƙara maka nawa ɓangaren. Wutar cek ba ta kama ba, eh, amma wannan ba ya wanke kowa, motocin nan sai waya ta tsinke ko sensa ta mutu murus suke kunna wuta, in sensa tana ba da ƙarya mai kama da gaskiya shiru za ka ji. Duk da haka karanta kod ɗin ba ya cin komai. Taka ba ta da soket ɗin OBD2 da ake jona na'urar karanta kod, shi sai 1996 ya zama dole a motocin Amurka. A ƙarƙashin dashbod ɓangaren fasinja akwai ɗan soket shuɗi mai baki biyu da ba a jona shi da komai ba, haɗa bakin biyun da guntun waya ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, wutar cek za ta fara ƙiftawa. Doguwar ƙiftawa goma ce gajera ɗaya ce. 14 IACV, 7 TPS, 6 sensar zafin ruwa, 17 sensar gudu. In ta kama ta tsaya ba ƙiftawa babu kod.

Abin da nake zargi shi ne TPS, sensar da ke jikin bakin injekta mai waya uku, ita ke gaya wa birenbos ko ƙafarka na kan totur. In faifai a rufe yake ya kamata mita ta nuna maka wajen bolt 0.5 a wayar sigina, in ka buɗe har ƙarshe wajen 4.5, kuma ya riƙa hawa sumul ba tsalle. Dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci, in kana gudu ka saki totur birenbos ya ga 0.5 sai ya yanke mai gaba ɗaya daga nozul har allura ta sauko kusa da sulo, shi ya sa take faɗowa da sauri. In ya ga 0.7 ko 0.8 a zatonsa har yanzu kana takawa, ba zai yanke ba.

Yaron Gareji:
to kenan TPS za a canja

Ɗan Riwaya:
A'a ƙanina, ban ce ta lalace ba. In kebul ya riƙe faifai a ɗan buɗe TPS gaskiya take faɗa, ai a buɗen yake. Shi ya sa gwajin Oga ya riga nawa. Kuma TPS ɗin Honda da kusoshi marasa kai aka ɗaure ta daga kamfani don kar a riƙa juya ta, in ka ga kusoshin suna nan yadda suke da wuya ta goce da kanta.

Mai Golf:
Ni tawa tiyo ne ya tsage a ƙasan manifol inda ido ba ya gani. Ka sayi abin fesa na wanke kafireto, mota na sulo ka riƙa fesawa a bakin tiyo tiyo da gefen gasket, inda ka ji inji ya canja murya nan ne iska ke shiga. Minti biyu ka gama

Oga Bakanike:
Hanyar tana aiki ban musa ba amma don Allah kar ka koya wa wanda bai saba ba. Abin nan yana kama wuta kamar me, ga salansa da zafi ga distirbito da wayoyin fulogi na tsohuwar mota da ke iya tartsatsi a waje. In dole sai an fesa to ruwa a kwalbar fesa ya isa, in ya shiga tsagewar za ka ji inji ya ɗan shaƙe. Wanda na fi so ma filaya da tsumma, ka riƙa matse tiyo ɗaya bayan ɗaya na ɗan daƙiƙu, babban nan da ya tafi tukunyar birki, na PCV da ke kan murfin inji, da ƙananan. Wanda ka matse allura ta faɗo shi ne ɓarawon. Amma tiyon da ya bushe ya yi tauri kar ka matse shi zai fashe a hannunka, wannan canji yake so dama.

Injiniya:
Ƙari kan maganar Oga, akwai bambanci da ke rikita mutane. Motar da ke auna iska a hanyar shiga, wato mai sensar iska kusa da akwatin filta, in tiyo ya tsage a bayan sensar iskar da ta shiga ba a ƙirga ta ba, mai sai ya yi kaɗan, sai ka ga mota na rawa tana neman mutuwa. Hondar nan kuwa MAP take amfani da shi, matsin iskar da ke cikin manifol take aunawa, don haka ta ko'ina iska ta shigo birenbos zai gani ya ƙara mata mai daidai da ita, sakamakon sai inji ya tashi sama lafiya lau kamar an taka totur. Shi ya sa a irin waɗannan motocin tsagewa sulo take ɗagawa.

Wata alama kuma, in iska ce ke satar hanya da yawa alhali TPS na cewa a rufe, yawanci Honda hawa da sauka take, ta hau birenbos ya yanke mai ta faɗo ya sake ta ta sake hawa, wum wum wum haka. Shi bai ce tana wannan ba, ya ce saukowa take a hankali. Wannan ya fi karkata ga faifan da bai rufe ba.

Mai Accord 95:
Jama'a na dawo. Na yi yadda Oga ya ce. Kebul ɗin a miƙe yake tsam babu saki ko kaɗan, kuma a jikin zaren da noti ke hawa ana ganin inda notin yake zaune da, wurin ya fi haske babu ƙura, an matsar da shi sosai. Da na zare kan kebul ɗin sai na ji ƙarfen ya ƙara komawa baya kaɗan ya ce ƙas. Na tayar na murɗa da hannu na saki, wlh allura faɗowa ta yi nan take. Mita da na ara ta nuna 0.74 da kebul a jiki, 0.49 da na cire. Kod babu, wutar tsayawa ta yi.

Amma ga wata sabuwa, yanzu da na mayar da notin na ba shi saki, in na kunna esi ta koma rawar nan ta da. Kuma ba esi ma sulo ɗin wajen 900 yake zama bai koma 700 ba

Yaron Gareji:
ba na faɗa ba!! IACV ne tun farko

Oga Bakanike:
A wannan ka yi gaskiya yaro, rawar esi aikin IACV ne, in kwamfireso ya kama birenbos shi yake buɗewa ya ƙara iska, in hanyar ta toshe sai mota ta yi rawa. Wancan mutumin maimakon ya wanke shi sai ya ja kebul ya buɗe faifai. Amma ka lura, da ya sayi sabon IACV ranar da ka ce ya bar kebul a ɗaure, allurar na nan a rataye ko ma ta fi da.

Kuma har yanzu ban yarda a saya ba. Malam IACV yana bayan manifol ta wajen gilashi, kusoshi biyu ne da soket mai waya biyu da ƙananan tiyon ruwa biyu. Bari mota ta huce sosai kafin ka taɓa tiyon ruwan. In ka ciro shi za ka ga ɗan raga a ɗaya daga ramukan, na tabbata za ka same shi ya toshe da baƙin kabon. Fesa masa abin wanke kafireto, nan kam a waje ne babu wuta, ka karkata shi yadda ruwan ba zai gangara wajen lantarkin ba, ka yi ta yi har ya fito fari, ka bar shi ya bushe. Robar da ke tsakaninsa da manifol in ta baje ko ta tsage canja ta, in ba haka ba ka ƙirƙiro sabuwar hanyar iska da hannunka. Tunda ka buɗe wurin goge bakin injekta da tsumma ciki da bayan faifai. Akwai ɗan sukurun da faifan ke zama a kansa in ya rufe, wannan kar ka taɓa shi, daga kamfani aka saita.

Tsohon Direba:
Ku yaran yanzu sensa sensa. A zamanin kafireto wannan ciwon sananne ne, akwai ɗan kofi mai roba a ciki da sanda a jikin kafireto, dashfot, aikinsa kenan ya tare totur kar ya rufe da ƙarfi, in aka saita shi ba daidai ba sai mota ta yi ta kuka bayan ka saki. Ko cok ya maƙale bai buɗe duka ba. Ko ƙarafan nan biyu na cikin distirbito masu buɗewa in inji ya yi gudu su ƙara taimin, in sun yi tsatsa ko sifirin ɗinsu ya saki sai su ƙi komawa, taimin ya zauna a gaba allura ta ƙi sauka. Na faɗa ne don masu irin waɗancan motocin da ke karantawa, tasa birenbos ke riƙe da taimin.

Injiniya:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Mai Accord ni 900 ɗin nan ne bai kwanta min ba. Toshewar IACV ƙasa take kai sulo ba sama ba, to me ke ba ta ƙarin iskar? Allurar zafi a ina take zama in kana tafiya a buɗaɗɗen titi?

Mai Accord 95:
A ƙasa sosai, da ƙyar take ɗagawa daga C sai in an tsaya a cunkoso. Tun da na sayi motar haka take, wanda ya sayar min ma yabon ta ya yi da wannan ya ce ba ta zafi

Injiniya:
To an cire mata tamostat, ko kuma ya maƙale a buɗe. Na Honda a digiri 78 yake fara buɗewa, kafin nan ruwa a cikin inji kawai yake zagayawa don ya yi zafi da wuri. In babu shi ruwa na ta zuwa lagireto tun daga tashi, inji ba ya kai zafin aikinsa, sensar ruwa na ta gaya wa birenbos har yanzu da sanyi, shi kuma yana ƙara mai yana ɗaga sulo. Shan man da ka ce wani ɓangarensa nan ne.

Mai Golf:
Anan kam ban yarda ba. Tamostat na ƙasashen ƙanƙara ne, a wurin zafi cire shi ne kwanciyar hankali, in ya maƙale a rufe fa? gasket ya ƙone kenan. Ni na cire nawa kuma lafiya lau nake hawa

Injiniya:
Ɗan'uwa tsoronka gaskiya ne, tamostat yakan maƙale a rufe kuma in mutum bai lura ba inji zai dafu. Amma maganin wannan a sa mai kyau a riƙa kallon allura. Ko a inda rana ta fi zafi da wuya iskar waje ta wuce 40 da wani abu, inji kuma an ƙera shi ya yi aiki a 80 zuwa 90 da ɗoriya, tazarar da yawa. Injin da ke yawo a sanyi mai yake sha, fetur na wanke bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai, fulogi na baƙi, kabon na taruwa. Ba rana ɗaya yake nunawa ba shi ya sa ake cewa lafiya lau. Kuma motar da ke zafi da tamostat mai kyau a jikinta wani abu ne daban ke damunta, lagireto ya toshe ko fanka ko famfon ruwa.

Mai Golf:
Kowa da abin da ya gani. ni dai na ga injin da tamostat ya kashe da idona, ban ga wanda rashinsa ya kashe ba

Oga Bakanike:
Ku bar wannan haka kar mu bar mai tambaya a hanya. A motarsa dai tamostat na da hannu kai tsaye, ga dalili. A ƙasan bakin injekta akwai wani bawul, FITV, shi ba ruwansa da lantarki, kakin zuma ne a cikinsa da ruwan inji ke bi ta jikinsa. Da sanyi a buɗe yake yana ba da iska sulo ya hau, in ruwa ya yi zafi kakin ya kumbura ya tura ya rufe. Ruwan da bai yi zafi ba ba zai rufe shi duka ba.

Gwajinsa da yatsa ne. Bari mota ta yi zafi iya yadda za ta yi, cire babban tiyon iska, leƙa cikin bakin injekta kafin faifai za ka ga ramuka biyu a bango. Na sama na IACV ne na ƙasa na FITV. Ɗora yatsa a na ƙasa. In mota ta yi zafi bai kamata ka ji yana tsotsa ba, in ya kama yatsanka allura ta faɗo to yana zuba. Ka kula da hannun riga da fanka. Wani lokacin ma ba ruwan ba ne, in ka buɗe murfinsa mai sukuru biyu akwai farar roba mai zare da ke warwarewa da kanta saboda girgiza, sai a murɗa ta ta koma.

Mai Accord 95:
Na gwada Oga, yana tsotsa sosai, ina toshewa ta sauko wajen 700. IACV ma na wanke, ragar ba a ganin ramukanta ma saboda baƙi. Yanzu esi ba ya sa ta rawa alhamdulillah. Na buɗe gidan tamostat babu komai a ciki, wayam. Na sa sabo.

Amma bayan na haɗa komai na tayar sai ta fara abin da Injiniya ya faɗa, hawa da sauka tsakanin 1000 da 1500, gabana ya faɗi

Oga Bakanike:
Kwantar da hankalinka iska ce ta shiga ruwa. Ka buɗe tiyo ka buɗe gidan tamostat dole ta shiga, kuma in kumfar iska ta tsaya a FITV ko kan sensar ruwa haka take yi. Bari ta huce, juya hita zuwa zafi har ƙarshe, akwai ɗan noti mai hanci na fitar da iska a wajen gidan tamostat, sassauta shi ka riƙa zuba ruwa ta bakin lagireto har ya fito ta hancin a miƙe ba kumfa sannan ka ɗaure. Ta da ita murfin lagireto a buɗe har tamostat ya buɗe ka ga ruwa ya sauka ka ƙara. In gaban motar ya ɗan fi bayan tudu ya fi saurin fita.

In ta daidaita sai ka duba sulo na asali. Mota da zafi, komai a kashe, zare soket ɗin IACV, ya kamata ta faɗo wajen 550 kamar za ta mutu. In ta tsaya a sama da haka sosai har yanzu akwai iskar da ke shiga ta wani wuri. Kashe ka mayar da soket, zai ajiye kod 14, cire fiyus ɗin BACK UP da ke akwatin cikin bonet na daƙiƙa 10 ya goge. Agogo da rediyo za su manta saitinsu wannan ba komai.

Ɗan Riwaya:
In bayan duk wannan sulo ya ƙi sauka, sensar ruwa mai waya biyu ta rage, ba mai waya ɗaya ba ita ta allurar dashbod ce kawai. Da zafi mita ta nuna om 200 zuwa 400.

Mai Accord 95:
Jama'a Allah ya saka da alheri. Na fitar da iskar, hawa da saukar ta tsaya. Allurar zafi yanzu tana zama ƙasa da rabi kaɗan ba ta motsi. Ramin ƙasa ya daina tsotsa in ta yi zafi. Sulo 750, da na zare soket ta faɗo ƙasa da 600. Canjin giya ya dawo daidai allura na bin ƙafata. Abin da ya rage in ina gangarowa a firi tana zama wajen 1000 sai na tsaya cak take sauka, wannan fa?

Oga Bakanike:
Wannan bar shi, shi ne wanda Ɗan Riwaya ya faɗa tun farko, haka aka yi ta. Kebul ɗin dai ka sake duba shi, tunda ya jima a ɗaure leƙa inda yake shiga rigarsa ko akwai silin waya da ya fara tsinkewa, in akwai ko ɗaya canja shi kar ka tsaya sa masa mai, irin wannan ne ke maƙalewa ana cikin gudu. In hakan ta taɓa faruwa da kai taka kuloci ka sa firi ka taka birki ka gangara gefe sannan ka kashe, kar ka murɗa makulli har ƙarshe kana tafiya sitiyari zai kulle. Gobe da safe kafin ka tayar buɗe lagireto ka ƙara ruwa in ya sauka.

Ɗan Riwaya:
Tambaya ɗaya, fankarka yaushe take kamawa? Don wanda ya cire tamostat yawanci ba ya tsayawa nan.

Mai Accord 95:
Ina murɗa makulli take tashi, ko da safe, ba ta tsayawa sai na kashe

Ɗan Riwaya:
To an yi mata dairek kenan. Bi wayar daga fanka za ka ga inda aka yanke aka jona ko aka cusa waya a soket ɗin suwic ɗin da ke jikin gidan tamostat. A mayar da ita kan suwic da rile ɗinta ta riƙa kamawa in ruwa ya haura 90 tana tsayawa in ya sauka, amma a gwada suwic ɗin a ruwan zafi da mita tukuna, mai yiwuwa mutuwarsa ce ta sa aka yi dairek ɗin tun asali. Kar ka cire jonin sai ka tabbatar yana aiki. Turo hoton wurin in gani.